Tawadar Malam a Cikin Firinta

Ko da zan manta abin da na ci jiya, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na tara wa kaina jama'a a zauren gidana ba. Ni ce fa matar da yaran unguwarmu a Haɗeja ke canza hanya in sun hango ni, matar da amare ke gyara ɗaurin ɗankwali kafin su gaishe ta. Ban yi boko ba, ko allon ma ban yi nisa ba, amma ina da ido, kuma a lokacin na ɗauka duk abin da idona ya gani to hannuna ya iya.

Abu ɗaya dai na iya da gaske, shi ne tawada. Marigayi Malam mijina marubucin Alƙur'ani ne, kuma tun ina amarya ni ke haɗa masa ta. In jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, in dafa, in zuba ƙaro, in tace in sake tacewa har ta yi baƙi wuluk tana sheƙi. Daga Birniwa ma aikowa ake yi a karɓa. Har Malam ya koma ga Allah ba a taɓa dawo min da kwalba an ce ga aibunta ba.

To, wajen ƙarshen mulkin soja sai autata Rakiya ta dawo daga Kano da takardar koyon kwamfuta, ta ce shagon buga kati za ta buɗe a zauren gida. A lokacin duk mai son katin biki mai kyau sai ya aika Kano ya jira. Kawunnanta suka ce mace da injin wuta ba za a yi wata uku ba an kulle. Ni ma a zuciyata haka na ce, amma da yake su suka riga ni faɗa, sai na ce ai kuwa sai ta buɗe. Na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, inda nake ganin mai shiga da mai fita da abin da ke hannunsa.

Wanda ya kawo mata kayan aiki Malam Bitrus ne, mutumin Filato, yana koyarwa a wata sakandare a garin, yana kuma taɓa sayar da irin waɗannan injuna. Mutum ne mai sanyin magana, in ya zo sai ya durƙusa ya ce, "Mama, ina gajiya?" (Ni kuwa mai sanyin magana shi na fi sa wa ido.) Firinta biyu ya ajiye mata, duk masu sauƙin kuɗi, ya ce ta gwada su wata guda, wadda ta yi mata ta riƙe, ɗayar ya ɗauke abarsa. Ɗaya fara ce, ɗaya ruwan toka.

Ban san karatu ba, amma cikin mako biyu na san halin kowacce kamar yadda nake sanin halin awakina. Farar nan aikinta kyau gare shi. In ta fitar da fure a jikin kati har kana so ka shinshina. Sai dai haɗama. Wani ɗan akwati ne cikinta wanda bai kai na ashana biyu ba, katirij suke ce masa, nan tawadar take, kuma kafin ka juya ya ƙare. Da Rakiya ta gaya min abin da ake sayar da sabo sai da na sa ta maimaita. In ka sayi biyu ka kusa sayen injin gaba ɗaya. Na ce wannan ai irin baƙuwar nan ce mai zuwa da fara'a ta tafi da buhun gero.

Mai ruwan tokar kuwa akwai tattali. Tawadarta ta fi araha, kuma tana jimawa. Rubutunta bai kai na farar ba, jan ta ma kamar an wanke shi, amma ana karantawa. Aibunta fushi. In aka ɗauke wuta kwana biyu ba a taɓa ta ba, sai ta toshe, ta riƙa fito da takarda da zane-zanen fari a tsakiyar rubutu. Sai Rakiya ta yi ta danna mata wani abu tana kuka ƙiii ƙiii tana wanke bakinta, kuma wankin ma tawada yake ci. Duk da haka ni ita nake so. Kullum sai na ce, "Auta, mai tokar nan za ki riƙe. Fushi ana lallashi, haɗama ba a iya mata."

"Inna, masu biki kyau suke nema," in ji ta.

"Masu biki ba su za su saya miki tawada ba."

Akwai abin da na fi sa wa ido. Wani lokaci maimakon sabon katirij, sai Rakiya ta ɗauko 'yar kwalba da sirinji irin na asibiti, ta zuƙo baƙin ruwa, ta soka allurar a wani ɗan rami a jikin tsohon katirij, ta ɗura a hankali, ta goge da tsumma. Na kalli wannan aiki har na haddace shi. Ranar da ta shiga ciki salla na buɗe kwalbar na leƙa. Tsinkakkiya ce kamar ruwan wankin baƙin zane, ba kauri, ba sheƙi. Na ce a raina, yanzu wannan ake ɗaukowa daga Kano a kira ta tawada?

Ana nan, damina ta yi tsakiya, kogi ya cika ya shafe fadamu, sai ga Alhaji Sale, babban dillalin kifi daga Guri, zai aurar da 'yarsa. Katinsa Kano ake kai wa, amma wani ya ba shi labarin Rakiya. Ya zo ranar Talata ya ba da aiki, ya ce Asabar da safe zai dawo ya karɓa, kuma a ranar zai juya, don hanya ta yanke, sai an haɗa da kwalekwale. Ya ce mata a gabana, "'Yata, in kika fitar da ni kunya, duk 'yan kifin Guri nan za su riƙa zuwa. In kuwa aka samu akasi, ba zan yi faɗa ba, amma ba za ki sake ganina ba." Wannan ne babban aikinta na farko, kuma kawunnanta sun ji labari, suna jira.

Matsalar ita ce baƙar tawada ta yi ƙasa a duka injunan biyu, kwalbar ma ta kai gindi. Malam Bitrus ya tafi Kano sai Asabar zai dawo da sabuwa. Rakiya ta buga furannin gefe da kalolinsu ta gama, saura rubutun tsakiya, ta ce za ta lallaɓa da ɗan abin da ya rage, in ya zo a ƙarasa. Na ga yarinya ko tuwo ba ta ci sosai. Na shiga ɗaki na sauko da tsohuwar tukunyar Malam, na jiƙa bagaruwa.

Ban taɓa haɗa tawada mai kyan wannan ba, wannan kam gaskiya ce. Na ƙara mata ƙaro fiye da kullum don ta kama takarda da kyau, tunda katin zai hau ruwa. Ranar Juma'a da hantsi Rakiya ta tafi suna Kaugama ta bar min makulli. Na yi bisimilla, na ciro katirij kamar yadda na ga tana yi, na zuƙo, na soka, na ɗura, na goge da tsumma. Da na gama da mai tokar sai na dubi farar na ce ke ma ki ɗanɗani abin kirki yau. (Ni ba na rabin aiki. Wannan hali ya sha fitar da ni, ranar kuwa shi ya kai ni ƙasa.) Niyyata in yi shiru, sai Alhaji ya yaba baƙin rubutun, sannan in gyara zama in ce, to, ku tambayi wadda ta haɗa.

Asabar da safe aka yi sa'a akwai wuta. Rakiya ta sa takardar gwaji a mai tokar. Ta yi kuka, ta ja takarda, ta fito da ita fara fat sai wani ɗigo a gefe kamar kashin ƙuda. Ta wanke mata baki, ta sake, haka. Ta koma kan farar. Ita ta ɗan yi layi biyu masu danƙo sannan ta yi shiru. Zuciyata ta ɗan ce min wani abu, na ce ta rufe min baki. Tawadar da ta rubuta Alƙur'ani ba ita za ta kasa rubuta "ana gayyatar ku" ba. Laifin inji ne, da wanda ya kawo injin.

Alhaji Sale ya iso da mutanensa biyu suka zauna a benci. Maƙwabta masu son ganin kati suka cika ƙofa. Ana haka sai ga Malam Bitrus ya sauka daga babur da jakarsa, ko gida bai je ba. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ce ya riƙe gaisuwarsa.

Na miƙe tsaye. Na ce ya ga marainiya ya kwaso mata tarkacen da Kanawa suka zubar. Na ce tun ranar farko na lura da take-takensa. Na ce ɗaya ɓarauniyar tawada, ɗaya mai ciwon toshewa, yau kuma sun haɗa baki sun mutu rana ɗaya, wa ya taɓa ganin haka in ba an shirya ba? Ina magana ina nuna shi da yatsa, mata a ƙofa suna gyaɗa kai.

Malam Bitrus ya ajiye jakarsa. Ya buɗe farar, ya ciro katirij, sai ya manne masa a yatsu. Ya duba, ya kai hanci, ya yamutsa fuska. "Rakiya, me kika zuba a nan?"

"Ban zuba komai ba, Malam. Kwalbar ma ga ta can yadda na bar ta."

Alhaji Sale ya ce a miƙo masa. Ya shinshina, ya dangwala da ɗan yatsa ya kai harshe, ya ɗan tauna baki. "Ni da na sha rubutu tun ina yaro ai na san wannan," in ji shi. "Bagaruwa ce da ƙaro. Kuma wallahi mai kyau ce, an daɗe ban ji irinta ba. Tun ta gidan Malam..." Sai ya tsaya, don ya tuna a gidan wa yake zaune.

Yatsana yana nan a sama inda na bar shi. Kowa ya bi shi da kallo, ni ma na bi. Bagaruwa ba ta fita da sabulu kwana ɗaya. Gefen farcena baƙi ƙirin, har cikin layin tafin hannu.

Wata maƙwabciyata da na taɓa yi wa faɗa kan shanya a katangata ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Inna, sabon lalle ne?"

Rakiya ba ta yi min tsawa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dube ni ido cike da hawaye ta ce, "Inna, duka biyun?" Na ce, "Duka biyun," da wata ƙaramar murya da ban san ina da ita ba.

Malam Bitrus ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa sai ya yi min bayani kamar ba ni ce na gama wanke shi ba. Ya ce ƙofofin da tawada ke bi ko silin gashi ba zai shiga ba, shi ya sa ake yin ta tsinkakkiya, ƙaro kuwa ya kwana a ciki ya daskare. Mai tokar, bakinta a jikin injin yake, sai an kai ta Kano, in ma za ta tashi. Farar kuwa bakinta a jikin katirij yake, shi ya sa yake da tsada, in an jefar da shi an jefar da ciwon. Ya zuge jaka ya fito da sabo, ya goge wurin da tsumma mai ɗumi, ya sa. Farar nan da na yi wata guda ina zagi ta ja kati ta fito da shi, rubutu tsaf a tsakiyar furanni.

Kafin azahar aka gama. Aka naɗe katunan a leda saboda ruwa, Alhaji ya duba ɗaya bayan ɗaya ya ce na Kano bai fi wannan ba. Da zai fita ya tsaya a gabana ya ce, "Inna, Allah ya ƙara basira," mutanensa suna kallon ƙasa.

Da zaure ya watse na kira Malam Bitrus na ce ya yafe min. A rayuwata ban saba da wannan kalma ba. Ya ce, "Mama, ai kin taimake mu. Wata guda muna gardamar wacce za a riƙe, kin raba mana a kwana ɗaya." Na aika masa tunkiyata saboda mai tokar, ya dawo da ita, na sake aikawa da saƙon cewa in ta kuma dawowa da kaina zan rako ta. Ta zauna. Da Kirsimeti matarsa ta aiko min da cinya.

'Yan kifin Guri sun zo kamar yadda Alhaji ya faɗa, har da na Birniwa. Kawunnan Rakiya da suka ba ta wata uku, a wurinta suka buga katin 'ya'yansu. Da ta sayi babban inji daga baya ta ce in zo in sa masa albarka. Na zo, na tsaya nesa kaɗan, na yi addu'ata na tofa daga inda nake, hannuwana biyu a bayana.

Har yau ina sa ido, wannan ba zan fasa ba. Sai dai na gane ido yana ganin yadda ake soka allura ne kawai, ba ya ganin abin da ya sa aka tsinka ruwan. Kuma yanzu kafin in nuna mutum da yatsa a gaban jama'a, sai na fara juyo da shi na duba farcen.