A Sako Mini Jakina Daga Harshen Balbela

Zuwa ga Mai Girma Darekta na Buron Yaɗa Harshen Balbela, mai kujera mai juyawa, mai kwamfuta ɗaya tilo tsakanin Konni da Illela, ranka shi daɗe.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, da kai da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa: yana da kati ba shi da aljihu, ya fi kowa zuwa karatu bai taɓa hawa benci ba, in ya koma gida buro guda ya mutu. Wane ne? Riƙe a kunci kamar goro, zan dawo kansa.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali da ta na'ura, ni ce Tabawa ta Tajaye, mai rani biyu a ajin yaƙi da jahilci, sai a yi haƙuri da rubutun. An ce mini sa'an jikana ne kai, don haka in na ja maka kunne, wasan kaka ne.

Bayan girbi ma'aikacinku Na'Allah ya sallama mini. Ya ce kun ƙago sabon harshe na ba kwamfuta umarni, a rubuta mata layi ta aikata, kun raɗa masa suna Balbela, kuna son ku san mutum nawa ke aiki da shi, ku kuma ƙara su. Motar buro ta kwanta, ya roƙi aron jakina da amalanke na sati biyu, don kai na'urar da injin wutarta kasuwa-kasuwa. Na ba shi. Yau wata shida. Ga koke-kokena cikin ladabi.

Na ɗaya, ƙidayarku. Duk wanda Na'Allah ya kama wa yatsa ya danna layi guda, na'ura ta ce masa sannu, sai a ba shi sabulu a rubuta shi mai amfani da Balbela. Ƙawata Saude ta shiga layi sau uku, kowane da kallabi dabam, yanzu mata uku ne a littafinku, kuma dukansu ba su ga-maciji da juna a kan sabulun. Mai ciki kuwa biyu ake rubuta ta, wai na cikin yana tafe. Haka kunka kai dubu uku da ɗari huɗu. In haka ake zama gwani, ai ni ma likita ce, don na taɓa riƙe wa ungozoma fitila.

Na biyu, da masu tallafa muku sunka aiko cewa mai amfani na gaskiya shi ne wanda ke taɓa na'ura kowane sati, wata uku ba fashi, me ya sa ba ku ji kunya kun yi shiru ba? Anka tankaɗe dubu ukun nan, anka sake tankaɗewa, mutum ɗaya ya rage a rariya, shi ma ba mutum ba.

Na uku, kun san yadda anka yi. Na'Allah na ajiye ƙuli-ƙulinsa a kan madannan na'ura. Kowace ranar kasuwa, daga Bazaga har Malbaza, jakina na miƙa hanci ya danne su gaba ɗaya. Na'ura ta rubuta masa: ban gane ba, sake. Shi kuwa ya sake. Na'Allah ya rantse mini cewa amsar da mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya samu ke nan shi ma, sai dai mushe ya yi fushi ya tafi, jaki ya daure. Ban musa ba. Haƙuri kam a gidana ya koya.

Na huɗu, shi ne mai zafin. Kun ɗauke shi hoto, kun yi masa kati, kun ɗaure shi a inuwar buro. Na biya mota har Konni, maigadinku ya tare ni da cewa in jakin ya fita, duk jama'ar Balbela ce ta fita, sai bayan babban taro na ƙarshen shekara. Na leƙa ta ƙofa na gan shi, ya yi ƙiba, katin na reto a wuyansa. Na kira shi, ya dube ni irin duban ma'aikaci, ya ci gaba da tauna.

Na biyar, tambaya ce kawai. Na ga akawunku na rubuta ƙidayar da biro a littafi. Ashe ku da kunka haifi harshen ba ku magana da shi? Uwar da ba ta ɗanɗana miyarta ba, wa take kira cin tuwo?

Ranka shi daɗe, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Takina na nan jibge bayan gida, gonata na da nisan da ƙafata ba ta kai shi da kwando. Gero ba ya jiran taro. In ruwan shuka ya sauka taki bai isa ba, bana rumbuna ba ko zangarniya, sai dai ɓeraye su yi sallar Idi a ciki.

Don haka ina roƙo, gwiwa biyu a ƙasa duk da ciwonsu: ko dai ka zauna da kanka ka riƙa danna na'urar kowane sati, ka gaji kujerar jakina, shi ya dawo bakin aikinsa, ko kuma, in ba a iya raba shi da ilimi, a aiko mini kai. Amalanke ba ta zaɓen mai ja, dusa kuma akwai.

Allah shi ƙara girma, shi yawaita masu danna muku.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Tabawa ta Tajaye, mai lamba 212 a littafinku
Mayu, 1994

Kacici-kacicin kuwa, kada ka ba ni gari, ba ni da abin hawa zuwa can. Amsar ita ce jakina. Kunnensa na hagu a tsage yake, kuma ranar Laraba zan zo da igiya.