Gidauniyar Zuwa Ganin Kogi

A wani daji da ke nesa da kowane babban ruwa, akwai wata makaranta a gindin tsamiya, inda wani tsohon kunkuru mai suna Malam Nomau yake karantar da 'ya'yan dabbobi da na tsuntsaye. Iyakar ruwan da dajin ya sani shi ne wani kududdufi da ke cika da damina, ya koma taɓo kafin kaka ta yi nisa. Duk da haka, a karatun 'yan ajin ƙarshe akwai babi guda a kan kogi, kuma shekara arba'in Malam Nomau yana koyar da shi da muryar wanda ya saba wanka a ciki.

"Kogi ruwa ne mai tafiya," in ji shi. "Ba ya tsayawa, ba ya dawowa."

Haka yara suka yi ta maimaitawa suna cin jarrabawa, har aka zo kan ajin su Lantana, wata 'yar kurege mai tambayar tsiya. Ranar da aka kai babin, ta ɗaga hannu.

"Malam, ina yake zuwa?"

"Gaba."

"To in ya tafi, me ke saura a wurin?"

"Wani ruwan."

"Malam, kai ka taɓa ganinsa?"

Malam Nomau ya mai da kansa cikin ƙoƙonsa, ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya yi abin da ba kowane malami ke iyawa ba, ya faɗi gaskiya. "Ban taɓa gani ba, 'yata. Malamina ne ya faɗa mini, ni kuwa ban tambaye shi ba."

Tun daga ranar Lantana ta ƙwallafa rai sai ajinsu ya ga kogi, kuma sai an tafi da Malam. Hanya ɗaya ce. Akwai wata giwa mai jigila, Tasalla, da ke zuwa can sau ɗaya a shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke, tafiyar kwana uku. Wanda ya rasa wannan tafiya ya rasa ke nan, don bayan wata guda kogin yashi yake komawa, baɗi kuwa 'yan ajin sun bar makaranta. Tasalla ba ta da wasa a kan ladanta: kwando guda na aya ko gujiya a kan kowane ƙaramin fasinja. Yara sha tara ne, da Malam ashirin.

Yaran nan suka duƙufa duk damina. 'Ya'yan balbela suka riƙa cire wa ɓauna kaska ana biyansu. 'Ya'yan gafiya suka yi kwangilar haƙa rami ga sababbin ma'aurata. Wasu 'yan birai biyu suka kafa sana'ar tsinko wa marasa iya hawa 'ya'yan itace, ko da yake sai da Lantana ta sa aka riƙa duba kumatunsu in sun sauko. Ita kanta ta tona aya har faratanta suka cinye. Malam Nomau ma bai zauna ba, ya ba da bayansa aka riƙa shanya gujiya a kai, yana karantarwa tana bushewa. Kafin ruwan ƙarshe ya sauka, kwando ashirin sun cika dam, an jere su a kogon tsamiya.

A nan ne Malam Nomau ya yi kuskuren da mai ladabi kaɗai ke yi. Ya ce bai kamata a kwashi 'ya'yan jama'a ba a sanar da Kwamitin Iyaye ba. Ya je ya sanar.

Shugaban kwamitin Burtu ne, mai jan maƙogwaro da tafiyar ƙasaita, wanda in ya ce "gyara" sai ka ɗauka hadari ne ya taso. Ya kira taro, ya leƙa kogon tsamiya, ya daɗe yana kallon kwandunan, sannan ya juyo.

"Jama'a," in ji shi, "na ga abin da yaran nan suka yi, kuma na yaba. Amma ina da tambaya guda. Wa ya ƙaddamar? An tara kwando ashirin a dajin nan ba uban taro, ba babban baƙo, ba wanda aka kira sunansa aka tafa masa. In labarin nan ya kai dazuzzukan maƙwabta, me za a ce da mu? Za a ce dajinmu ba manya, yara ke nema wa kansu guzuri kamar marasa gata. Ni dai ina raye ba za a yi wannan abin kunya ba. Za mu kira taron gidauniya, mu gayyato masu hannu da shuni, ashirin ɗin nan ta zama ɗari. Yaran da za su tafi da aya tsura, sai su tafi har da zuma."

Aka yi tafi. Lantana ta durƙusa ta ce, "Baba, ai ashirin ɗin ta isa."

"Ba maganar isa ake yi ba, yarinya, maganar tsari ake yi. Zauna."

Aka sa rana. Sai kuma aka tuna cewa manya ba sa zama a taro baki a bushe, kuma kwamiti ba shi da ko ƙwayar gero. Burtu ya ce wannan ba matsala ba ce, a ara daga kwandunan yara, in an tashi taro a mayar ninki biyar. Malam Nomau ya buɗe baki zai yi magana, amma kafin kalmar farko ta fito an riga an wuce zuwa batun wurin zaman baƙi.

An ce taro da hantsi. Tun da sassafe aka jera yara a rana su yi waƙar maraba, suka yi ta rerawa ga kujerun da ba kowa, manyan baƙi kuwa ba su fara isowa ba sai bayan la'asar. Gauraka, uban taro, ya zo da surukansa goma sha ɗaya. Dila ya zo da wasu abokai da ya ce sun haɗu a hanya. Daga ƙarshe babbar mai ƙaddamarwa ta iso, Uwargida Jimina, wadda kowa ya san ba ta tauna abinci, haɗiya take yi. Hankaka, mai gabatar da taro, ya kwashe lokaci mai tsawo yana jero sunaye da laƙabobi, yana bai wa wanda ya manta haƙuri, yana sake farowa. Duk wannan lokaci ana ta zagayawa da aya da gujiya, Lantana tana bin kowane faifai da ido.

Uwargida Jimina ta miƙe, kanta ya kusa taɓa reshen tsamiya. "Ni uwa ce," in ji ta, "kuma ba abin da ke taɓa mini zuciya irin ilimin yara. Da na ji labarin waɗannan bayin Allah, wallahi kasa cin abinci na yi. Saboda haka, a madadina da na maigidana, na ƙaddamar da wannan gidauniya da ƙwai goma, kowane ɗaya ya fi kwando uku daraja. Na baɗi, in Allah ya kai mu."

"Jama'a, a tafa mata!" in ji Hankaka. Aka tafa.

Dila ya ba da duk kanyar da ke bishiyar bakin kududdufi, wadda ba tasa ba ce, kuma ba ta nuna ba. Ungulu ta ce ita dukiyarta shawara ce, ta ba da guda bakwai. Gauraka ya gyara tukkunsa ya ce shi ba ya son riya, abin da zai bayar ya fi ƙarfin a faɗa a bainar jama'a, zai ga shugaba a keɓe. Shi aka fi yi wa tafi. Wata tsohuwar bushiya da ta share filin taron ta lallaɓo ta zuba gujiya cikin tafi guda a kwando, amma da yake ba ta da laƙabi, Hankaka bai san yadda zai sanar ba, sai ya tsallake ta.

Gab da magariba Hankaka ya shelanta cewa an tara kwando ɗari uku da goma, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin dajin. Aka ƙunsa wa kowane baƙo ɗan abin da zai kai wa iyali, surukan Gauraka ma kowa da nasa ƙunshin. Da gari ya waye yara suka leƙa kogon tsamiya, suka tarar da kwando takwas.

Kwana huɗu Lantana da 'yan ajinsu suna bin gidajen manya. A gidan Jimina kullum sai a ce yanzun nan ta fita. Dila ya nuna musu bishiyar kanya ya ce ga ta nan, bai hana su ba. Gauraka ya ce shi ya cika alkawari, ya riga ya ga shugaba. Suka je wurin Burtu, ya ce ƙwarai kuwa, ya gan shi, sun gaisa.

Ana cikin haka Tasalla ta aiko cewa jibi za ta tashi, ko da fasinja ko babu. Lantana ta tara 'yan ajin, suka yanke shawara da hawaye: a jefa ƙuri'a, yara bakwai su tafi, na takwas Malam, in sun dawo su ba sauran labari. Malam Nomau ya sake kai maganar gaban kwamiti, don shi dai har yanzu bai daddara ba.

Burtu ya girgiza kai cikin takaici. "Malam, da girmanka? A ɗauki bakwai a bar sha biyu? Wannan ai zalunci ne, kuma kwamitin nan ba zai sa hannu a raba kan yara ba. Ko duka, ko ba ko ɗaya. Sannan akwai abin da ya fi wannan. Wa ya duba hanyar nan? Wa ya tabbatar kogin ma yana nan? Mu kwashi 'ya'yan mutane mu tura su inda babu babban da ya taɓa takawa? Ga kwando takwas, in aka bar su jiran alkawura ƙwari ne za su ci. Saboda haka kwamiti ya ga ya dace ya sadaukar da kansa. Za mu tura tawagar share fage, mutum huɗu, kwando bibbiyu tunda manya ne. Da ni, da Uwargida Jimina, da uban taro, da Hankaka don ya riƙa gabatar da mu. Malam zai zauna, don ba a barin yara ba mai kula."

Lantana ta ce, "Baba, ai ku kuna da fuka-fukai. Uwargida kuma ta fi giwa gudu."

"Yarinya, babba ba ya isa baƙon wuri yana haki. Mutuncin makarantarku ne a gan mu a kan giwa."

Ranar tafiya aka sake jera yara su ɗaga hannu. Suka ɗaga. Lantana ta tsaya tana kallon bayan Tasalla har itatuwa suka rufe ta, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai cin rai, irin wanda ba a jin sautinsa. Malam Nomau ya matso kusa da ita. Baƙin cikinsa ya fi nata, don ita tana da sauran shekaru, shi kuwa ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe.

"Ki yafe mini, 'yata," in ji shi. "Da na yi shiru, da yanzu muna hanya."

"Malam, ai kai ka koya mana a riƙa sanar da manya."

Malam Nomau ya mai da kansa cikin ƙoƙonsa.

Bayan kwana tara tawaga ta dawo, kowa ya yi ɓul-ɓul. Aka kira taron karɓar rahoto, Burtu ya gyara murya.

"Mun je, mun gani, mun sha wahala saboda yaranmu. Muna tabbatar wa iyaye cewa kogi yana nan, kuma ruwa ne. Majalisar dorinai ta karɓe mu hannu bibbiyu, an yi mana liyafa uku, mun kuma gayyace su su zo su ga kududdufinmu. Sai dai bincikenmu ya nuna jijjigar bayan giwa ta yi wa yara yawa. Alhamdulillahi da ba a tura su ba."

Lantana ta ɗaga hannu. "Baba, da gaske yana tafiya?"

Burtu ya dubi Gauraka, Gauraka ya dubi Jimina. Gaskiyar magana ita ce rumfar liyafa tana bayan wani tudu, kuma ba wanda ya ga dalilin barin inuwa. Hankaka ne ya cece su. "Iya zamanmu dai yana nan," in ji shi, "bai je ko'ina ba."

Amma tawaga ba ta manta da yara ba. An aiki wani ɗan dorina ya ɗebo musu ruwan kogin a gora, aka kuma ba Uwargida Jimina girman miƙa wa makaranta. Ta riƙe goran ta yi jawabi a kan sadaukarwa, ta yi jawabi a kan tarbiyya, ta koma kan wahalar hanya, har maƙogwaronta ya bushe. Ba tare da ta lura ba ta kafa baki ta shanye, ta ci gaba da jawabi. Da ta gama ta miƙa wa Lantana goran, aka yi tafi. Lantana ta girgiza shi a kunnenta, ta juya bakinsa a tafin hannunta, ko ɗigo bai fito ba. Aka rataye shi a reshen tsamiya, aka ce daga yau duk mai son ganin kogi ya ɗaga kai.

Da jarrabawar fita ta zo, kwamiti ya ce tunda yanzu akwai waɗanda suka je da ƙafarsu, su ya kamata su yi tambayar kogi, Malam ya huta. Manyan huɗu suka zauna a gindin tsamiya, yara suna zuwa ɗaya bayan ɗaya ana cewa su siffanta kogi. Lantana ta tsaya a gabansu, ta dubi Malam Nomau da ke can gefe, ta ce, "Ban gani ba." Ita kaɗai ta faɗi a shekarar.

Sauran sha takwas ɗin suka ɗaga kai suka dubi goran, suka ce kogi wani abu ne mai dogon wuya da ƙaton ciki, aka ba su maki cikakke, har Uwargida Jimina ta ce ita ba ta taɓa jin bayanin da ya dace kamar wannan ba.