Ku Gaya wa Monita Ban Riga Shi Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Gyaran Abin da Bai Lalace Ba,
Kamfanin Saƙo-Nan-Take.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta wanda ya saba ba a amsa masa, ina taya ka murnar sabunta manhajar imel ɗinku. An ce ta yi kyau ƙwarai. Ni makaho ne, saboda haka na yarda.

Tsohon akawu ne ni, ina zaune ni kaɗai. Wata murya ce a cikin kwamfuta take karanta mini abin da ke kan allo. A 'yan ajinmu saura mu biyu, ni da Monita, wanda ya yi ta rubuta sunana cikin masu latti. Tsufa ya ɗauke masa ji, ni ya ɗauke mini gani. Waya ba ta da amfani gare shi, takarda ba ta da amfani gare ni. Imel ɗinku kaɗai ya rage mana. Ga kukana, in ba zai katse maka shan iska ba.

1. A da muryar takan ce mini "amsa", "tura", "goge". Tun da kuka yi gyara, abin da take faɗa kawai shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli". Sunayen ne suka yi muku nauyi, ko kuwa wanda ya san rubutu a ofishinku ya tafi hutu?

2. Inda yatsana ya haddace "amsa", can kuka kai "goge". Na zauna zan mai da wa Monita zagin da ya yi mini, sai na share saƙonninsa da hannuna. Wannan hikima ta fi ƙarfin karatunmu na da.

3. Na kira masu taimakonku. Wata yarinya mai ladabi ta ce in danna shuɗiyar alamar da ke sama. Na gaya mata ba na gani. Ta yi mini jaje sosai, sannan ta ce to in ɗauko hoton allon in turo mata. Allah ya yi mata albarka, abin da aka koya mata ta faɗa. Wa ya koya mata?

4. Da na yi ta lalube, sai kuka fara shakkar ko ni mutum ne, kuka ce in zaɓi hotunan da ke da motar bas. Na jira ranar da mai yi mini shara take zuwa. Ita tana gani ba ta karatu, ni ina karatu ba na gani. Kafin mu haɗu mu zama mutum ɗaya, lokacin da kuka ba mu ya ƙare.

5. Adalci ya sa in yaba muku a kan talla. Ita kam muryar tana karanta ta tsaf, ba gargada. Jiya ma an yi mini tayin tabarau.

Yanzu ga abin da ya sa na tayar da tsohuwar tafiretata, wadda ba ta taɓa sauya wa harafi wuri ba, na buga maka wannan takarda. Kan wani saƙon Monita ya ce ba shi da lafiya, ɗansa ya ɗauke shi zuwa wani gari. Sabon adireshin yana cikin saƙon da na kasa buɗewa, balle in aika masa da takarda. Kan saƙo kawai muryar take iya karantawa, daga nan sai "maɓalli". Na makon jiya ya ce, "Ka yi fushi ne?" Na wannan makon ya ce, "Sarkin Latti, yau kuma ka riga ni?"

Ba na roƙon ku gyara komai, na ga yadda gyaranku yake. Amma tun da kun san abin da muke rubutawa har kuna aiko da talla a kai, a taimaka wani mai ido a cikinku ya gaya wa Monita ina nan da raina, kuma har yanzu shi nake jira ya shiga gaba. A hanzarta, ranka ya daɗe. Mu biyun ba mu da lokacin jiran sabuntawa ta gaba.

Naka mai biyayya, wanda ba zai iya ganin laifinka ba ko ya so,

Sarkin Latti,
tsohon akawu, mutum ne ba na'ura ba.