Ranar da na tuɓe riga a likitar Gene

Ba zan manta da ranar da na tuɓe riga a likitar Gene ba, wato asibitin garin Gene, kuma ko na so mantawa mutanen Malanbil ba za su bar ni ba. Garin nan in ka yi alheri kwana biyu an shafe shi, in ka yi abin kunya har jikokinka sai an ba su labari.

Ni dillalin albasa ne a kasuwa. Aji biyar na yi a lakwal, wato makarantar boko, na gudu (waɗanda muka zauna benci ɗaya da su yanzu suna duwan, aikin kwastan, tumbi ya hana su ganin takalminsu, ko gaisuwata ba sa amsawa). Matata Fati ta fi ni kai. Ita ke sayen albasa a Garu ta bi mota har Kwatano ta sayar. 'Ya'ya shida ta shayar mini. Ni kuma baki gare ni. Wata rana tana canza riga na dubi ƙirjinta na ce, "Fati, waɗanga kam sun gama aiki, sun kwanta hutu." Na yi dariyata na fita. Ita ba ta yi dariya ba, ni kuwa ban lura ba.

Tafiyarta ta gaba sai da ta yi sati uku. Ta dawo cikin wani ƙaton hijabi, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ko buta ba ta ɗagawa. Na ce gajiyar hanya ce. Kwana huɗu da dawowarta na shigo gida bayan azahar na tarar da ita cikin bargo tana rawar sanyi, rana kuwa na dafa mutum a waje. Sai da na matsa mata sannan ta rufe ƙofa ta nuna mini.

Ashe wata abokiyar cinikinta ce ta kai ta wani gidan likita a can, aka tsaga ƙasan nonon aka cusa wata roba mai taushi don su tashi. Sun tashi kam. Amma na dama ya kumbura ya ninka ɗan'uwansa, ya yi ja, ga zafi kamar an sauke shi daga murhu, ɗinkin kuma yana zubar da mugunya mai wari.

Na ce, "Wa ya aike ki?"

Ta ce, "Kai."

Sai na tuna ba'ar da na yi mata ranar da take canza riga.

Na ce ta tashi mu tahi likita. Ta ce sam. Ungozomar wurin ɗiyar maƙwabciyarmu ce, rabin ma'aikatan kuma a wurinta suke sayen albasa. "Baban Nafi, gwamma in mutu da a ji wanga zance a kasuwa." Ta sa na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse. Kwana biyu ina sayo mata kafso daga masu talla a faranti, ja da rawaya, tana haɗiya, zazzaɓin yana ƙaruwa. Ran na uku ta fara kirana da sunan wanta da ya rasu.

To, mu nan al'adarmu ce miji ya je ya faɗi ciwon matarsa a rubuta masa magani, ita tana gida. Sau nawa na yi haka. Amma wannan karon in na ce matata, na karya rantsuwa. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar ɗan aji biyar: in ce ni ne ba ni da lahiya. Kuma ba a Malanbil ba. Na hau moto na nufi Gene, inda nake ganin ba wanda ya san ni.

Na shiga na danna hula har gira, ban dubi masu zaman jira a benci ba. Ɗakin majo, wato shugabar wurin, ba ƙofa gare shi ba, labule ne kawai, shi ma bai kai ƙasa ba. Ita kuma ƙatuwar mace ce mai murya irin ta masu kiran fasinja a tasha.

"Baba, mi ke damunka?"

Na karanto mata kamar hadda. Ƙirji ya kumbura, gefen dama, ya yi ja, ɗinki na zubar da ruwa, ga zazzaɓi.

"Tuɓe riga."

Wallahi duk tsawon hanyar nan ban taɓa tunanin za a ce in tuɓe riga ba.

Na ce, "Madam, ba sai an tuɓe ba. Rubuta magani kawai, sauri nikai."

"Ni ba boka ba ce. Tuɓe."

Na tuɓe. Ga ni tsaye, furfura a ƙirji, da waɗansu 'yan nonuwa biyu na tsufa kwance bisa tumbi (ranar na fara duban su da kyau, kuma gaskiya ba ni da bakin yi wa kowa ba'a). Ta latsa dama, ta latsa hagu. Na yi ɗan nishi don a ce na yi.

"Ina kumburin?"

"Ciki yake."

"Ina ɗinkin?"

"Ya ɗan lafa da safen nan."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Baba, wane aiki aka yi maka?"

A nan ne na tuna Fati cikin bargo. In na ce ƙurji ne, maganin ƙurji za a ba ni, in koma in tarar da gawa. Dole ciwon ya fito da gaskiyarsa, ko da mai ciwon na ƙarya ne. Na ce, "Ƙari aka yi mini."

"Ƙarin mi?"

"Nono. Roba aka sa ciki."

"An ƙara maka nono?" Da muryar nan tata ta tasha ta maimaita. Surutun benci ya tsaya cak. Ko jaririn da ke kuka ya yi shiru. Na ji wata tsohuwa a bayan labule tana salati a hankali.

Majo ta mayar da tabarau. Sannan ta jawo kujera kusa, ta sauke murya ƙasa, abin da ya kamata ta yi tun farko. "Sa rigarka. Mata ce ko ɗiya?"

Na ce na yi rantsuwa.

"To kar ka faɗa. Kwana nawa da zazzaɓin?"

Da na gaya mata, fuskarta ta canza. Ta ce wannan ya wuce kafso, ya wuce allura, ya wuce ita kanta. Robar ce ta ɗauki ciwo, in ba a cire ba zai shiga jini. Ta rubuta takarda ta ce yau yau a kai mai abin babbar likita a Faraku. "Kai kuma ƙirjinka ba abin da ke damunsa sai shekaru."

Na ɗaga labule, sai ga Garba mai facin taya, wanda muke shan shayi tare a fadarmu ta bakin tasha, zaune a kan benci da tsohuwarsa. Duk likitocin duniya, nan ya ga damar kawo ta. Bai dubi fuskata ba, aljihun rigata yake kallo.

"Sannu da jiki," in ji shi. "Allah shi sawwaƙe."

Kafin moto ta kawo ni gida labari ya riga ni, don Garba yana da waya. Fati ta so ta sake yin gardama. Na ce, "Tashi. Ba wanda zai dube ki. Gari duka ya san ni ne za a kai, ke jinya za ki." Haka kuwa aka yi. A tasha aka ba ni gidan gaba ni kaɗai, direba yana ce wa masu lodi su yi hankali kar a matse ni. Fati tana baya tana kakkarwa, mata suna yaba mata haƙuri da irin wannan miji.

A Faraku aka cire robobin duka biyun. Likitan ya ce da mun ƙara kwana biyu da wani zance ake. Sati uku ina zaune bakin gado ana wanke ciwo ana canza pansama, wato bandeji, Fati tana cizon zane. Ranar da ta fara cin tuwo na ba ta labarin majo da Garba, ta yi dariya har sai da ta riƙe ɗinkin tana roƙona in yi shiru.

Ta warke, sai tabo. Ta koma cinikinta, ba wanda ya taɓa yi mata kallon banza. Ni ne har yau in na iso fada ake matsa mini wuri ana cewa a ba Hajiya kujera. Kalma ɗaya za ta wanke ni, kuma ba zan faɗe ta a can ba.

Abin da na koya kaɗan ne. Ba a aiken ciwo, mai shi ake kaiwa, tun da wuri. In kuma ka ga lallai sai ka yi ƙarya a gaban likita, to ka fara duba waɗanda ke zaune a benci.