Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Fifita

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar hunturu ba, ƙarshen shekarun casa'in, ina ɗalibi a Landan. Ni mutum ne da ko gaisuwa sai na bita a zuci kafin in furta, amma ranar nan mata cike da falo suka zuba mini ido.

Hajiya Ramatu 'yar Kumasi ce, tana sayar da atamfa a kasuwar Deptford, ita ke cika mini kwano da shinkafa da wake duk Juma'a. Ɗanta ya yi aure a gida, ba ta samu zuwa ba, ba ta ma san fuskar amaryar ba. Sai aka aiko da bidiyon bikin a faifan CD, ni kuwa ne mai kwamfuta. Ta miƙo mini faifan da sharaɗi: "Kar ka ga surukata kafin ni."

Da na gwada a ɗakina na Camberwell, hoton sai tafiyar hawainiya. Processor, wato ƙwaƙwalwar injin, ba ta da ƙarfin jan bidiyo. Na kwance murfi, na sauya wa wasu 'yan filogi wuri, na tilasta mata gudu fiye da yadda aka ƙera ta. Na yi mata overclock ke nan. Hoto ya miƙe sumul. Na yi ta gwaji, amma farkon faifan kawai, don cika alkawari. (Kuma ɗakina firij ne, ba na kunna heater, na'urar ɗumama ɗaki.)

Flat ɗin Hajiya kuwa, kana shiga ka ce Kano ce a watan bazara. Heater a ƙure, tukwane na tafasa, tagogi a toshe da tsumma. Ranar Asabar ɗin na kinkimo kwamfutar zuwa can, na jona waya, aka fara kallo, ana guɗa, ina ta kumbura a ɓoye.

Aka fito da amarya a lulluɓe. Wata tsohuwa ta kai hannu za ta ɗaga mayafin. Hajiya ta matso har bakin kujera. Sai allo ya koma shuɗi.

Ta juyo kaina da Hausarta ta Kumasi: "Ɗan Najeriya, amarya ya tafi ina?"

Na sake kunnawa. Wannan karon ko ƙofa amarya ba ta kai ba. Cikin 'yar muryata na ce wataƙila faifan ne. Ai kuwa Hajiya ta hau mai ɗaukar bidiyon Kumasi da faɗa, har kakansa bai tsira ba. Ta jawo tarho za ta kira ɗanta, idonta ya ciko.

Na yi sauri na buɗe murfin, don dai a ga ina wani abu, na ɗora yatsa kan ƙarfen da ke bisa processor. Ihun da na yi, ni kaina ban san ina da shi ba. Ina tsotsar yatsa na yi bayani: ba faifai ba ne, ni na sa ta gudu, zafi ya kayar da ita. Na roƙi a buɗe taga.

Anti Laraba, wata nas 'yar Jos, ta ce, "Mu kamu da nimoniya saboda injinka? Ƙanena, zauna."

Hajiya ta shiga kicin ta fito da murfin tukunya. "Kai ka sa shi gudu, kai za ka yi mishi fifita."

Haka na durƙusa gaban kwamfuta kamar mai gasa masara, ina kaɗa murfi. Aka ɗaga mayafi, Hajiya ta ga surukarta, ta fashe da kuka, ta ce a maimaita. Aka yi ta maimaitawa. Da hannuna ya sassauta sai falo ya ɗauka: "Mai fifita, ƙara wuta!"

Tun daga ranar na gane, duk wanda ya sa abu gudun da ya fi ƙarfinsa, shi zai yi hakin.