Shanun da Suka Ci Waken Kaumi

"Lafiya lau, bawana, sai dai gajiyar ganin fuskarka," in ji Bubayaro, yana ta ɗaure kaya.

Kaumi ko zama bai yi ba. Shi Babarbare ne, Bubayaro kuwa Bafillace, kun dai san wasan da ke tsakani. Tun da hare-hare suka watsa unguwarsu a Potiskum, iyalin Kaumi suka gudu Kano, tsofaffin nan biyu kaɗai suka rage a layin. Yau kuma ga Bubayaro zai koma wurin 'yarsa a Gombe. Wallahi abin da ban tausayi.

Kaumi ya zazzage tsiron waken suya daga aljihu.

"Shanunka sun cinye mini gona. Ba inda za ka sai mun yi shari'a."

"Waɗanne shanu? Waɗanda aka kore bara? Ko fatalwarsu ce ke kiwo?"

"Bafillace ko ba shi da saniya, ɓarnarta na biye da shi."

"Kai, miƙo in gani. Wannan da aka gaigaye ganyensa, fara ce. Wannan da ya nannaɗe yana danƙo, darɓa. Wannan kuwa da aka datse daga gindi, tsutsa ce, tona ƙasa ka same ta a naɗe. Wanzamin da ya yi maka tsagen nan, ya haɗa da idanun ne?"

"Af, ka san su da suna! Ashe danginka ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Je ka barbaɗa toka da sassafe, ka ƙyale ni."

"Wa zai riƙe mini ƙwaryar? Bawa ba ya tafiya sai da izinin ubangidansa, ni kuwa ban bayar ba."

"Yau ga ikon Allah! Yaushe na zama naka?"

Kaumi ya ce a hankali, "In ka tafi, wa zan zaga? Sai in wuni ban ji muryar kowa ba, in ba taka ba."

Bubayaro ya daɗe yana kallonsa. Can ya fashe da dariya, idonsa cike da ƙwalla. Ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

"Zauna, tsohon banza. Na ji, shanuna ne suka ci. Gombe ta jira, sai mun girbe."