Ranar da Na Zama Fada a Tsafe

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin abokina Sani a Tsafe, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Lokacin ina ji da gayu, ina kuma neman Hadiza, wadda babanta, Alhaji Umaru, ya riga ya yanke cewa ni shashasha ne. Na san zai zo ɗaurin auren, sai na ƙudura zan burge shi.

A wajen 'yan gwanjo a Gusau na tsinci wani dogon ƙyalle fari na ratayawa a wuya, an yi masa aikin zare ruwan zinari: harafin P, X ya ratsa ƙafarsa. Mai kayan ya ce tambarin wani kamfanin Italiya ne. (Shi ma bai sani ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya.) Na ɗora shi kan shaddata, ina tafiya ina wani ɗaga kafaɗa.

Bayan an shafa fatiha na durƙusa na gaida Alhaji. Ina miƙewa sai ga wata dattijuwa, Mama Rifkatu, maƙwabciyar su Sani a Sabon Gari, ta riƙo jikarta. Ta rusuna har ƙasa.

"Fada, a sa wa yarinyar nan albarka, jarrabawa za ta zauna."

Na waiga baya, ba kowa. Ni take nufi!

Da ta ga na daskare, sai ta ƙare mini kallo. "Af! Ba kai ne ɗan Inna Kulu na Damba ba? Ɗana, wannan ai haruffan farko ne na sunan Almasihu da Girkanci. Limamanmu, su Fada, ke rataya shi a coci."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Abokai har da masu riƙe ciki don dariya. Na cire, na ninke shi da kyau, na miƙa mata da hannu biyu.

"Mama, a yi haƙuri, a kai shi inda ya dace."

Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wauta kam akwai ta, amma akwai ladabi. Ka turo manyanka."

Yau 'ya'yanmu biyar da Hadiza. Tun daga ranar, ko hula zan saya sai na tambayi ma'anar zanenta, kuma ba mai sayarwar nake tambaya ba.